Tsohonka Na Dutsen Kura Da Ƙwayoyin Da Kake Aika Masa

Mu ɗauka kai mutumin Minna ne, neman abinci ya kawo ka Kurmi. Kana Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko kuwa Shagamu, tsohonka yana can gida a Dutsen Kura. Shekara uku ke nan hannunsa na dama yana rawa in yana zaune. Takunsa ya ƙanƙance, yana jan ƙafa kamar mai tsoron taka ƙaya, fuskarsa ta daina motsi har jikoki suna cewa Baba ya bar dariya. An kai shi asibiti, likita ya ce cutar Fakinson ce, ya rubuta ƙwaya. Kai ka ɗauki nauyin saye, duk wata sai ka ba direba ko wani ɗan gari mai tafiya gida ya kai. Ka yi abin da ɗa na gari zai yi, Allah ya saka maka da alheri.

To, ran nan da hantsi sai ga waya. Baba ya gama alwalar asuba, ya miƙe daga tsugune, sai ya yanke jiki ya faɗi. An yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Da gari ya waye aka kai shi kyamis na unguwa, aka kwantar da shi a kan benci, aka auna jininsa, aka ga 170 bisa 95. Nan take kowa ya ce ai hawan jini ne. Aka sayi maganin hawan jini aka ƙara masa a kan na da. Kwana huɗu tsakani ya sake faɗuwa, wannan karon har da gocewar ƙashi.

Jama'a, irin wannan labari ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma kuskuren da ke cikinsa shi ne dalilin wannan rubutu. Awon da aka yi a kyamis bai yi ƙarya ba, jinin tsoho yana hawa in yana kwance. Amma abin da ya kayar da shi saukar jini ce, wadda ke zuwa in ya miƙe tsaye. Mutum ɗaya, rana ɗaya, abu biyu masu kishiyantar juna. Wanda ya auna ɗaya ya bar ɗaya, to maganinsa na iya zama guba.

WACE CE WANNAN CUTA?

Wani likitan birnin Landan mai suna Jems Fakinson shi ya fara bayyana ta a rubuce cikin 1817, bayan ya lura da mutum shida, waɗansunsu ma a titi ya gan su. Mu a nan mun fi saninta ta wajen zakaran dambe Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana da ita a 1984. Duk wanda ya ga hotonsa yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta cikin 1996, hannunsa na karkarwa, ya ga kamanninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8 da rabi ke fama da ita.

An daɗe ana cewa baƙar fata ba su cika kamuwa ba. Farfesa Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Badun da abokan aikinsa sun bi gida-gida a garin Igbo-Ora, aka buga sakamakon a 1988, aka sami 67 cikin kowane mutum 100,000, alhali baƙaƙen wani yanki na jihar Misisifi a Amurka an sami 341. Amma tun daga lokacin mutanenmu sun ƙara tsawon rai, likitoci sun ƙara gane cutar, ga shi yanzu ana ganinta a asibitocin Kano da Zariya da Abuja ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A nan kusa da ku a Idi-Araba, Farfesa Njideka Okubadejo ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko ta shafe shekaru tana nazarinta a jikin 'yan Nijeriya.

Tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan wuri da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul. In ƙwayoyin wannan wuri suka fara mutuwa, sai rawar hannu da sanƙarewar gaɓoɓi da nawar motsi su bayyana. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, kuma ba a ɗaukarta a kwanon abinci.

Wannan shi ne abin da ido ke gani. Abin da ido ba ya gani shi ne cutar ba ta tsaya a ƙwaƙwalwa ba.

YADDA JINI KE GUDU DAGA KAI

Ka ɗauki kwalba rabinta da ruwa, ka kwantar da ita, ruwan zai bazu daga baki har gindi. Ka tsayar da ita, duk sai ya koma ƙasa. Haka jikin ɗan Adam yake. Da zarar mutum ya miƙe, jini kamar rabin lita zuwa lita ɗaya yakan gangara cikin ciki da ƙafafu. Me ya hana mu duka faɗuwa ke nan? Allah ya sa waɗansu 'yan gadi a jijiyoyin wuya da kusa da zuciya, masu jin nauyin jini. Suna jin ya ragu sai su kai ƙara ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika saƙo ta waɗansu jijiyoyi da ba su jiran umurninmu, su saki wani sinadari mai suna noradirenalin. Shi zai matse hanyoyin jini, ya ƙara wa zuciya sauri, jini ya koma sama. Duk wannan kafin ka ƙifta ido sau biyu an gama.

Cutar Fakinson tana cin waɗannan jijiyoyi su ma, har da waɗanda ke shiga zuciya. Saboda haka in tsoho ya miƙe, saƙon ba ya isa da ƙarfi, hanyoyin jini su tsaya a sake, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Sai jiri, sai duhun ido, sai ciwo a ƙeya da kafaɗu kamar an ɗora masa buhu, wani lokaci ya yi shiru kamar bai gane mai yi masa magana ba, wani lokaci kuma sai ƙasa. Likitoci sun sa wa abin iyaka: in lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, cikin minti 3 da miƙewa, to saukar jinin tsayuwa ce. Da aka tattara bincike-bincike a 2011, an ga kimanin mutum 30 cikin 100 masu Fakinson suna da ita. Waɗansu ba su ma jin jirin, sai dai kasala da yawan tuntuɓe, iyali su ce tsufa ne.

Abin mamaki kuma, waɗannan jijiyoyi da suka kasa ɗaga jini a tsaye, su ne dai suka kasa sauke shi a kwance. Kusan rabin masu irin wannan saukar jini, in suka kwanta sai nasu ya haura 140 bisa 90. Hawan na dare yana sa ƙoda ta yi ta tace ruwa da gishiri, tsoho ya yi ta fita fitsari sau uku sau huɗu, kafin asuba jikinsa ya tsotse. Ka ga dalilin da ya sa faɗuwar ta fi yawa da sassafe, daidai lokacin da dattawanmu ke tashi cikin duhu su tsuguna su miƙe, su yi ruku'u su ɗago.

Ga kuma zafin Minna. Duk wanda ya yi watan Maris a garin nan ya san rana takan kusa digiri 40, dutse ya ɗauki zafi ya riƙe har dare. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, gumi ya kwashe ruwa. Haka tuwo mai yawa ko sakwara da rana tsaka: jini ya tafi hanji wajen aiki, kai ya zauna babu. Wanka da ruwa mai zafi sosai, da yunƙuri a bayan gida, wanda masu wannan cuta ba su rabuwa da shi saboda taurin ciki, duk hanya ɗaya suke bi.

ƘWAYAR DA KE TAYARWA TANA KUMA KAYARWA

Babban maganin Fakinson shi ne lebodofa, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta Levodopa, ko ka same shi da sunan Sinemet ko Madopar. Tarihinsa yana da darasi gare mu. A 1957 wani masani ɗan Suwidin, Arbid Karlson, ya ba zomaye wani maganin hawan jini mai suna risafin, suka sandare ba motsi. Ya ba su dofa, suka miƙe suna tsalle. A 1960 aka gano a birnin Biyana cewa ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da Fakinson ta rasa dofamin, a 1967 kuma Likita Joj Kotziyas a Niyok ya nuna cewa in aka ba marasa lafiya dofa ta baki, ana ƙarawa a hankali, waɗanda suka daɗe a zaune suna tashi. Har yau ba a sami wanda ya fi shi ba.

Amma fa lebodofa ba duka ke isa ƙwaƙwalwa ba. Wani kashi yakan juye ya zama dofamin tun a hanya, ya buɗe hanyoyin jinin hanji da na ƙoda, ya sa a zubar da gishiri cikin fitsari. Shi ya sa ake haɗa shi da wani abokin tafiya cikin ƙwaya ɗaya don ya rage wannan juyewa, sai dai ragewa ce ba hanawa ba. Kamar awa ɗaya bayan an sha, lokacin da jiki ya saki tsoho ya ji daɗin tashi, a lokacin ne jininsa ya fi sauka. Ƙafa ta sami ƙarfin tafiya, kai kuma ya rasa jini. 'Yan uwansa masu kwaikwayon dofamin, irin su Parlodel, sun ma fi shi wannan hali, musamman a kwanakin farko.

Kada wani ya karanta wannan ya buga waya gida ya ce a daina ba Baba ƙwaya. Wallahi wannan ya fi haɗari. Yanke lebodofa farat ɗaya na iya jawo sandarewar jiki da zazzaɓi mai tsanani da gushewar hankali, har ya kai ga rai. Kuma a nan ne mu 'yan ci-rani muke da laifi ba da sani ba: wata ya ƙare, kuɗi ba su zo ba, ko direba ya yi lattin kwana biyar, ƙwaya ta yanke. In ta iso kuma sai a ce bari a ninka don a rama. Wani bincike da aka buga a 2019 kan kantunan magani a sassan Nijeriya ya nuna maganin ba ya samuwa a wurare da yawa, musamman na gwamnati, inda ake samunsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka mai saye daga Ikko ya riƙa tura na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba, kuma ya duba lambar ƙarfin da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya da wadda likita ya rubuta.

Sai mu zo ga sauran kwalaben da ke kan tagar ɗakin tsoho. Yawancin dattawa sun fara shan maganin hawan jini shekaru kafin rawar hannu ta zo, ba wanda ya sake dubawa. Moduretic da Lasix suna zubar da ruwan jiki. Aldomet yana haɗa kai da lebodofa su ƙara sauke jini. Brinerdin kuwa yana ɗauke da wannan risafin da ya sandarar da zomayen Karlson. Waɗansu magungunan da ake ba maza masu wahalar fitsari su ma suna sassauta hanyoyin jini. In tsoho ya yi amai ko jiri aka ba shi Stemetil ko Maxolon ko Largactil, to an toshe ƙofar da dofamin ke shiga, cutar ta ƙara tsananta. Hatta zoɓo da ake dafa masa kullum wai don hawan jini, gaskiya ne yana ɗan sauke jini, kuma a wurin wannan tsoho ba abin nema ba ne da safe. Akwai kuma masu ba da garin 'ya'yan karara, domin lalle akwai lebodofa a cikinsu, har likitocin Italiya sun gwada su a Gana da Bolibiya. Amma cokalin mai magani ba ma'auni ba ne, kuma abin da ƙwaya ke yi wa jini shi garin zai yi.

WAYAR DA AKE DASAWA A ƘWAƘWALWA

Waɗansunku masu hali sun ji labarin aikin da ake yi a Indiya ko Masar ko Turai, har suna tambaya ko a tara kuɗi a kai tsoho. Ga yadda abin yake. A 1987, a garin Girinobul na Faransa, wani likitan fiɗa mai suna Alim-Luwi Benabid ya lura cewa in ya saki wutar lantarki 'yar kaɗan mai saurin bugu a wani wuri cikin ƙwaƙwalwa, rawar hannu takan tsaya cak, in ya kashe ta dawo. A 1993 suka koma wani wurin da ke ƙasa da na farko, wanda bai fi ƙwayar wake ba, suka ga yana rage sanƙarewa da nawa su ma. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da aikin don Fakinson a 2002. Ana huda ƙoƙon kai, a zura siraran wayoyi biyu, a bi da su ƙarƙashin fata zuwa wani batir kamar kwalin ashana da ake binnewa a ƙirji, yana bugawa kamar sau 130 a daƙiƙa.

To me wannan ke yi wa jini? Masana sun gwada marasa lafiya ta fuska huɗu: ba ƙwaya ba wuta, ƙwaya kaɗai, wuta kaɗai, sannan duka biyu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙwaya ce mai sauke jini, a kwance da a tsaye. Wutar ita kaɗai ba ta da wannan hali. A waɗansu gwaje-gwajen an ga tana ɗan taimaka wa jini ya tsaya in mutum ya miƙe, a waɗansu kuma ba a ga wani canji na a-zo-a-gani ba. Babban amfaninta ta bayan gida yake zuwa: wanda aka yi wa aikin sau da yawa yakan rage ƙwayoyinsa da kusan rabi, in ƙwaya ta ragu kuwa jiri ya ragu. Cewa wuta a ƙwaƙwalwa na iya taɓa jini kai tsaye, wannan ba a musu, domin a 2005 likitocin Okisfod a Ingila sun nuna cewa wayar da suka dasa a wani wuri dabam don maganin raɗaɗi tana ɗaga jini ko ta sauke shi, gwargwadon inda bakinta ya tsaya. Amma wannan ba shi ne wurin da ake dasa ta Fakinson ba.

A ganina, wanda zai sayar da fili don wannan aiki saboda Baba yana faɗuwa in ya miƙe, ya dakata tukuna. Waya ba ta gyara jijiyoyin da suka lalace a zuciya da hanyoyin jini, kuma ba ta tsayar da cutar. An fi yi wa wanda lebodofa ke yi masa aiki sosai amma ya fara yi masa wasa, ya kama ya saki, wanda kuma hankalinsa ke nan daram, galibi bai haura 70 ba. In kuwa tun shekarar farko ko ta biyu tsoho ya fara suma da kasa riƙe fitsari, ƙwaya kuma ba ta yi masa kome, mai yiwuwa wata cuta ce 'yar uwar Fakinson, wadda waya ba ta yi wa amfani ko kaɗan. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba kuma ya fi shiga haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa ranar aikin. Bayan an dawo gida ma ba a gama ba. Batir na yau da kullum shekara 3 zuwa 5 yake yi a sake fiɗa a canza, mai caji kuwa yana son wuta a kai a kai, ku kuwa kun san halin wutar da har yanzu muke kira NEPA. In batir ya mutu ba shiri, jiki na iya sandarewa kamar wanda aka yanke wa ƙwaya, a Minna, nesa da wanda ya dasa.

ABIN DA ZA KA SA A JAKA

Injin awon jini mai batir, irin wanda ake ɗaurawa a dantse, ya fi turmin shadda amfani ga wannan tsoho, kuma yaro ɗan sakandare zai iya aiki da shi. A kwantar da Baba minti 5 a auna. A tashe shi tsaye, wani na riƙe da shi, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. A rubuta lambobin duka har da bugun zuciya, domin in jini ya sauka amma bugun bai ƙaru da kamar 15 ba, alama ce laifin na jijiyoyi ne. A yi haka da safe kafin ƙwaya, da awa ɗaya bayanta, da bayan abincin rana, a auna kuma a kwance lokacin barci. Mako ɗaya ya isa. Wannan takarda, tare da dukan kwalaye da kwalabe da ƙullin gargajiya a leda ɗaya, ita za a kai wa likita a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, in ya ga dama ya tura Gwagwalada ko Abuja wurin likitan ƙwaƙwalwa. Shi zai san wanda za a cire, wanda za a mayar dare, da ko za a raba lebodofa ƙanana-ƙanana. Akwai ma ƙwayoyin ɗaga jini irin su Florinef, amma suna ƙara hawan na kwance, ba na saye a kyamis ba ne.

Sauran duk a gida ake yi. A sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, tara matasai ba ya wadatarwa. In ya farka ya zauna a bakin gado minti biyu yana motsa ƙafafu, ya shanye ledar ruwa ɗaya, wato rabin lita, a tashi guda. An gwada wannan, yana ɗaga jini cikin minti 5 zuwa 10, ya riƙe kamar awa ɗaya. A rage masa malmala a ƙara yawan lokutan ci. Kada a hana shi gishiri sai in likita ya ce zuciya ko ƙoda ba za su ɗauka ba. Ɗamara mai faɗi a ciki tana hana jini taruwa. A sama masa kujera mai tsayi don alwala da wanka, da rana kuma ya kishingiɗa maimakon ya miƙe shame-shame. Batun salla a zaune da batun azumi, malamai sun san rangwamen da aka yi wa mara lafiya, a tambaye su tare da likita tun watan Sha'aban.

In kuma jiri ya kama shi a tsaye, kada a tallabe shi ana cewa ya daure ya ƙarasa ɗaki. A zaunar da shi nan inda yake, ko a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, sai idonsa ya washe.